Yadda Gwanayen Fim Ke Sa Marowaci Ya Tuba Cikin Dare Ɗaya

Duk wanda ya zauna kallon fim ɗin Scrooge ya san ƙarshensa tun kafin a kunna. Tsoho ne attajiri, marowaci na ƙin ƙarawa. Fatalwowi za su zo masa cikin dare, gari ya waye ya zama mai kyauta. Babu wani sirri da ake jira a tona. Duk da haka tun 1901 ake mai da wannan labari fim, ana sake mai da shi, kuma duk ƙarshen shekara mutanen Ingila da Amurka sukan zauna su yi ta musu a kan wanne ya fi. Abin da suke musu a kai shi ne wa ya iya sa su yarda. Hali zanen dutse ne, kowa ya sani. To ta yaya za a nuna mutumin da ya shekara da shekaru zuciyarsa a bushe ya sake tsakanin isha da asuba, mai kallo kuma ya ce haka ne, zai yiwu? Wannan ita ce gwanintar da nake so mu duba, domin kaɗan ne suka iya ta, waɗanda suka iya kuwa sun yi aikin da ya kamata a yaba.

Charles Dickens ya fitar da littafin, mai suna A Christmas Carol, ranar 19 ga Disamba 1843 a Landan, bayan ya rubuta shi cikin kamar mako shida. Kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare kafin ranar Kirsimeti. Ba daga sama labarin ya faɗo masa ba. A 1824, yana ɗan shekara 12, aka kulle mahaifinsa a gidan yarin Marshalsea saboda bashi, shi kuma aka tura shi masana'antar man goge takalmi yana liƙa takarda a jikin kwalabe. A shekarar da ya rubuta littafin ya karanta rahoton hukuma kan ƙananan yara masu aikin ƙarfi a masana'antu, ya kuma ziyarci makarantar 'ya'yan talakawa ta Field Lane ya ga halin da suke ciki. Saboda haka akwai fushi a ƙarƙashin labarin, ko da yake an lulluɓe shi da raha da cin abinci da kiɗa.

Labarin kansa gajere ne. Ebenezer Scrooge yana da ofis a Landan da akawu guda, Bob Cratchit, wanda yake biya sule 15 a mako, ga mata ga 'ya'ya shida, ƙaraminsu Tiny Tim gurgu ne mai dogara sanda. A jajibirin Kirsimeti Scrooge ya kori ɗan 'yar'uwarsa Fred da ya zo gayyatarsa cin abinci, ya kori masu neman taimako don talakawa, ya tuna musu cewa ai akwai gidajen yari da gidajen aikin dole. Da dare sai ga fatalwar abokin cinikinsa Jacob Marley, wanda ya shekara bakwai da mutuwa, yana jan sarƙa da akwatunan kuɗi da makullai da littattafan lissafi. Ya gargaɗe shi cewa wasu fatalwowi uku na tafe. Ta farko ta kai shi baya ya ga ƙuruciyarsa, ta biyu ta zaga da shi gidajen mutane a wannan rana, ta uku ta nuna masa mutuwar da ba wanda ya yi wa kuka, ta tsaya da shi a gaban kabari mai sunansa.

Mai son mai da wannan fim zai fara cin karo da fatalwa. Ita ce kamar ta fi wuya, amma ita aka fara shawo kanta. Walter R. Booth, wanda ya ba da umarni a fim ɗin 1901 na kamfanin R. W. Paul, mai wasan rufa ido ne kafin ya shiga harkar fim, kuma dabarar da ya yi amfani da ita ta daɗe ana cin moriyarta. Za a ɗauki ɗaki, a mai da zaren fim baya cikin kyamara, a sake ɗaukar mutum a gaban baƙin labule a kan zaren nan dai. Baƙi ba ya barin alama a fim, don haka in an wanke sai a ga mutum tsaye cikin ɗakin ana hango bango ta jikinsa. Da haka aka sa fuskar Marley ta bayyana a jikin ƙarfen ƙwanƙwasa ƙofa. Fim ɗin minti shida ne da 'yan kai, babu sauti, Marley shi kaɗai ke nuna komai, kuma abin da ya rage nasa a yau bai kai minti huɗu ba. A 1935, a fim ɗin da Seymour Hicks ya fito, sai aka bi wata hanya: in Marley ya shigo ɗaki ba a ganinsa sam, murya kawai ake ji, kyamara na bin inda idon Scrooge ke bi. Fatalwa ta ƙarshe kuma inuwar yatsa ce mai nuni. Wannan yana da hikima, domin ya ɗora dukan tsoron a fuskar mai rai.

A nan ainihin aikin yake. Fatalwa komai kyawun yinta ba ta tsorata mai kallo sai ya ga ta tsorata Scrooge. Tuba kuma ba ta shiga zuciyar mai kallo sai in tun farko an bar masa ƙofar da za ta shigo. Masu kallon finafinanmu na Hausa sun san wannan matsala sarai: mugu ya shafe awa biyu yana zalunci, a minti biyar na ƙarshe ya durƙusa yana kuka yana neman gafara, a tashi kallo ba wanda ya yarda da shi. Jarumin da ya fito a Scrooge yana tsakanin ramuka biyu. In ya cika mugunta, safiyar tuba ta zama ƙarya. In ya cika taushi tun farko, babu abin da fatalwowi suka zo yi. Abin da gwani ke yi shi ne ya ɓoye mutumin safiya cikin mutumin dare, yana leƙowa kaɗan-kaɗan, yadda mai kallo zai gan shi ba tare da ya san ya gani ba. Kamar gishirin miya ne: wanda ba a sa tun tukunya na kan wuta ba, in an barbaɗa shi a kwano ba ya ratsa ta.

Wanda ya fi kowa iya wannan, a ganina, shi ne Alastair Sim a fim ɗin Scrooge na 1951, wanda Brian Desmond Hurst ya ba da umarni. Sim mutumin Edinburgh ne, an haife shi a 1900, ya koyar da fasahar magana a jami'ar garinsu kafin ya shiga wasan kwaikwayo, kuma an fi saninsa da wasan ban dariya. Yana da dogon jiki mai ɗan ranƙwafawa da manyan idanu masu nauyin fata. Mutumin da aka saba dariya da shi aka ba wa wannan mugun tsoho, kuma zaɓin ya yi daidai, don mai ban dariya ya san lokaci: ya san daƙiƙar da zai yi shiru da daƙiƙar da zai motsa.

A duba yadda ya fara. Scrooge ɗinsa ba mai ihu ba ne. Gajiyayye ne, kamar kowane mutum da ya tunkaro shi ya zo ne ya ƙara masa ciwon kai. Yana magana a hankali, leɓe a taɓe, yana kauce wa haɗa ido. Akwai wani ɗan wuri da ba ya cikin littafin, inda yake cin abincin dare shi kaɗai a wani gidan abinci mai duhu. Ya ɗaga kai ya ce a ƙaro burodi. Yaron gidan ya gaya masa sai ya ƙara ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sim ya yi jim. Ana ganin yunwa da rowa suna kokawa a fuskarsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce a bar shi. Duka bai kai rabin minti ba, amma an gama gaya mana cewa mutumin nan kansa ya fara zalunta kafin kowa. Ba ya jin daɗin dukiyar. Daga nan mai kallo ya fara tausayinsa cikin jin haushinsa, kuma wannan tausayin shi ne jarin da fim ɗin zai ci riba da shi a ƙarshe.

Da Marley ya zo, wanda Michael Hordern ya fito a matsayinsa, sai Sim ya nuna abu na biyu: tsoro. Ƙararrawa ta fara kaɗa kanta, ana jin jan sarƙa daga ƙasan bene yana hawowa, ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Cokali na hannunsa, bakinsa na rawa, yana ƙoƙarin yin gardama da abin da idonsa ke gani, yana cewa ƙila abin da ya ci ne bai narke ba. Da Hordern ya kurma wani irin ihu yana girgiza sarƙa, sai tsohon ya zube a gwiwa. Mutumin da muka ga kowa na shakkarsa da rana ya koma yaro. Wanda zai iya jin tsoro haka kuwa zuciyarsa ba ta mutu ba.

Jarumi ba ya yin wannan shi kaɗai. Noel Langley, wanda ya rubuta fim ɗin, ya fahimci cewa littafin yana da abin da fim ba shi da shi, wato muryar Dickens da ke zaune kusa da mai karatu tana gaya masa abin da ke zuciyar Scrooge. A fim dole a nuna dalili da ido. Sai ya faɗaɗa ɓangaren ƙuruciya fiye da yadda yake a littafi, ya ƙara abubuwa nasa. Ya sa mahaifiyar Scrooge ta rasu wajen haihuwarsa, uban bai taɓa yafe masa ba. Ya sa 'yar'uwarsa Fan, wadda ita kaɗai ta nuna masa ƙauna, ta rasu wajen haihuwar Fred. Saurayi Scrooge yana bakin gadonta, ya ji kukan jariri, ya tashi cikin ɓacin rai ya fice. Bayan fitarsa ne Fan ta yi maganarta ta ƙarshe, tana roƙonsa ya kula mata da yaron. Bai ji ba. Sai yanzu, yana tsoho tsaye kusa da fatalwa, ya ji wasiyyar da ya shekara da shekaru yana saɓawa bai sani ba. Sim ya rufe fuska yana roƙon gafarar matacciya. Da wannan ƙari ɗaya Langley ya ɗaure abubuwa uku: ya bayyana ƙiyayyar Scrooge ga Fred, ya nuna ya yi wa jariri abin da ubansa ya yi masa, ya kuma ba shi bashin da zai je ya biya da safe.

Ya kuma ƙirƙiro wani ɗan kasuwa mai suna Jorkin, don a ga yadda rowa ke shiga mutum taki-taki. Tsohon maigidansa Fezziwig, mai kirki da son yaransa, ya ƙi sayar da kamfaninsa ga masu sabon salon ciniki har ya karye. Scrooge ya koma wajen Jorkin don ƙarin albashi, can ya haɗu da Marley, daga baya su biyun suka karɓe ginin Fezziwig, suka bar wani yaron ofis a aiki amma suka rage masa albashi. Ranar da Marley ke gargarar mutuwa aka aiko a kira Scrooge, ya ce sai an tashi aiki. Kowane mataki ƙarami ne, kowanne yana da hujjarsa ta kasuwa, kuma mai kallo na iya gane kansa a ɗaya daga ciki. Wanda ya fito a saurayi Scrooge shi ne George Cole, wanda Sim da matarsa Naomi suka riƙe tun yana matashi, Sim ya koya masa magana da wasa. Shi ya sa in ana kallonsu ba a shakkar cewa wannan yaro ne ya zama wancan tsoho.

Sai safiya. Wannan wuri shi ne ma'aunin kowane Scrooge, kuma na Sim ban ga kamarsa ba. Ya farka yana rungume da ƙafar gadonsa, ya shafa labulen gadon da fatalwa ta uku ta nuna masa an sace an sayar bayan mutuwarsa, ya tabbata yana nan. Mai aikinsa Mrs Dilber, wadda Kathleen Harrison ta fito a matsayinta, ta shigo da karin kumallo. Ya tambaye ta wace rana ce. Sai dariya ta fara fito masa, kuma Sim ya yi ta yadda mutumin da ya manta yadda ake dariya zai yi: tana tsinkewa, tana shaƙe shi, shi kansa tana ba shi mamaki. Ya yi tsalle, ya yi rawa cikin rigar barci, ya ce sai ya tsaya da ka, ya kifa kai a kujera ƙafafu sama. Matar ta kurma ihu ta ruga a guje, ta ɗauka ya haukace. Hikimar wurin ke nan. An sa mana a ɗakin wadda ba ta yarda ba, tana tsaye a madadinmu. Ya bi ta ya cim mata a matakalar bene, ya zaunar da ita, ya danƙa mata tsabar zinariya a hannu. Ta tambaya ko na toshiyar baki ne. Ya ce kyautar Kirsimeti ce. Sai ihu ya tsaya, dariya ta tsaya, matar ta dubi hannunta ta tambaya cikin ƙaramar murya ko da gaske nata ne. A fuskarta ana ganin wadda ba a taɓa ba kyauta ba, a tasa ana ganin wanda ya gane haka a wannan daƙiƙar kuma kunya ta kama shi. Ya ƙara mata albashi daga sule 2 zuwa sule 10 a mako. Lokacin da ta yarda, mu ma mun yarda.

Bayan wannan hayaniya fim ɗin ya sauke murya. Scrooge ya isa gidan Fred, wata 'yar aiki ta karɓi rigarsa. Daga ciki ana rera tsohuwar waƙar Ingila mai suna Barbara Allen, wadda Richard Addinsell, mai kiɗan fim ɗin, ya riga ya ɗaura wa Fan tun can baya. Mai kallo ya ji ta ya tuna gadon mutuwa ba tare da an ce masa komai ba. Tsohon ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga. Ya waiwayo. Yarinyar ta yi murmushi ta gyaɗa masa kai. Ba ta ce uffan ba. Ya buɗe, waƙa ta tsaya, ya nufi matar Fred da ya ƙi amincewa da aurenta, ya roƙe ta ta yafe wa wawan tsoho. Raba kuɗi abu ne mai sauƙi ga mai kuɗi. Shiga ɗakin mutanen da ka wulaƙanta ka nemi afuwa a gaban baƙinsu ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba, kuma Sim ya bari mun ga nauyin a kafaɗarsa.

Fim ɗin ya karɓu a Ingila, amma a Amurka bai yi kasuwa da farko ba, har babban gidan kallo na Radio City a New York ya fasa nuna shi don an ga ya cika duhu. Talabijin ce ta raya shi, ana maimaita shi duk shekara har ya zama wanda ake auna saura da shi.

Wanda ya tace fim ɗin 1951 wani matashi ne mai suna Clive Donner. Bayan shekara 33, a 1984, shi ne ya ba da umarni a wani sabo, da George C. Scott ɗan Amurka a matsayin Scrooge. An ɗauke shi a garin Shrewsbury, kuma an bar dutsen kabarin Scrooge da aka yi amfani da shi a maƙabartar cocin St Chad, mutane na zuwa gani. Scott ya bi hanyar da ta saɓa wa ta Sim gaba ɗaya. Nasa Scrooge ƙaƙƙarfa ne, mai tsabta, mai kaifin ƙwaƙwalwa, yana jin daɗin kansa. Yana gasa wa masu neman taimako magana yana dariya, a kasuwa yana ƙara wa masu sayen hatsi farashi don sun yi jinkirin kwana ɗaya. Irin wannan mutum tsoro ba ya karya shi, sai hujja. Don haka yake gardama da kowace fatalwa, yana kare kansa, yana ja da baya taki ɗaya-ɗaya. Ƙofar da Scott ya bari ita ce dariyar nan: mai iya raha, ko da muguwa ce, yana da sauran rai a jikinsa. An kuma nuna uban ido da ido, mutum mai sanyin zuciya da ya zo makaranta ya ɗauki ɗansa, ya gaya masa 'yan kwanaki kawai zai yi a gida kafin a tura shi koyon aiki. Scott na tsaye yana kallo, muƙamuƙinsa a ɗaure, bai zubar da hawaye ba, kuma wannan riƙewar ta fi kuka ciwo.

Abin da ya sa nake girmama fim ɗin 1984 shi ne bai ɓoye fushin Dickens ba. Edward Woodward, a matsayin fatalwa ta biyu, yana farawa da fara'a, sai ya juya ya mai da wa Scrooge maganganunsa na rashin imani cikin tsawa. Ya kai shi inda wani magidanci da iyalinsa ke kwana a waje cikin sanyi suna gasa ɗan dankali, sa'an nan ya buɗe rigarsa ya nuna yara biyu ƙazamai, ramammu, namiji da mace, waɗanda littafin ya kira Jahilci da Rashi. Fim ɗin kamfanin MGM na 1938, da Reginald Owen, ya cire waɗannan yara, ya cire budurwar da Scrooge ya rasa saboda son kuɗi, ya mai da iyalin Cratchit ƙosassu. Fim ne mai daɗin kallo, amma tubar da ke cikinsa ba ta da nauyi, don ba a nuna girman laifin ba.

Na uku da zan kawo zai ba wasu mamaki, don fim ne na 'yan tsana. The Muppet Christmas Carol ya fito a 1992, Brian Henson ya ba da umarni, shekara biyu bayan rasuwar mahaifinsa Jim Henson wanda ya ƙirƙiro waɗannan 'yan tsana. Kwaɗo ne Bob Cratchit, ɓeraye ne yaran ofis, Marley ma an mai da shi mutum biyu. A tsakiyarsu aka sa Michael Caine. Tun kafin a fara ya gaya wa daraktan cewa zai yi wasan ne kamar yana tare da manyan 'yan wasan Shakespeare, ba zai taɓa nuna cewa da 'yan tsana yake magana ba. Ya cika alkawari. An ɗaga daɓen wurin ɗaukar don masu sarrafa 'yan tsana su tsaya a ƙasa, shi kuma yana tafiya a kan siraran katakai ba ya duban ƙafarsa, fuska a murtuke. Da ya yi murmushin wasa sau ɗaya da komai ya rushe. Saboda bai yi ba, lokacin da aka nuna kujerar Tiny Tim babu kowa da sandarsa a jingine, manya na share hawaye a kan ɗan kwaɗon da aka ɗinka da ƙyalle.

Jerry Juhl, marubucin wannan fim, ya warware matsalar muryar Dickens ta hanyar da ba wanda ya kai shi: ya sa ɗaya daga 'yan tsanan, Gonzo, ya zama Dickens da kansa, yana bin Scrooge lungu-lungu yana ba da labari da kalmomin littafin. Ya kuma san lokacin da ya kamata raha ta kauce. Da fatalwa ta uku ta bayyana, Gonzo da abokinsa ɓera suka ce abin ya fi ƙarfinsu, suka bar mai kallo shi kaɗai har sai gari ya waye. Da safe kuma, bayan Scrooge ya yi alkawarin sadaka, ɗaya daga masu neman taimakon ya cire jan mayafin wuyansa ya miƙa masa. Caine ya karɓa yana mamaki, muryarsa ta yi rauni. Sim ya nuna mana mai koyon bayarwa, Caine ya nuna mai koyon karɓa.

Akwai wasu da suka cancanci ambato. Albert Finney a fim ɗin waƙoƙi na 1970 yana da shekara talatin da 'yan kai ya fito a saurayi ya kuma fito a tsoho, don haka mai kallo na ganin abin da rowa ta yi wa jiki guda. Patrick Stewart ya yi nasa a 1999 bayan ya daɗe yana yin labarin shi kaɗai a dandamali. Richard Williams ya yi na zane a 1971, mai kamar minti 25, ya bi salon zanen John Leech na bugun farko, ya dawo da Sim da Hordern suka ba da murya, ya kuma ci kyautar Oscar. Fatalwowinsa sun fi na kowa ban tsoro, don zane na iya yin abin da littafin ya siffanta, fatalwa ta farko tana sauya kama kamar harshen kyandir. Na 2009 kuwa, wanda Robert Zemeckis ya yi da kwamfuta, Jim Carrey ya fito a Scrooge da fatalwowi uku, ya riƙe maganganun littafin da kyau, kuma Landan ɗinsa abin kallo ce. Amma a daidai inda ya kamata tsohon ya tsaya shiru a gaban mutuwarsa, sai aka sa dawakai na korarsa a titi, aka ƙanƙantar da shi yana zamewa cikin bututu. Mutum ba ya tuba yana gudu. Fatalwa ta uku ba ta magana a littafi, nuni kawai take yi da yatsa, kuma duk daraktan da ya san aikinsa yakan bar wannan shiru ya yi tsawo har Scrooge ya cika shi da bakinsa, ya yi wa kansa tambayar da yake tsoro, ya ba kansa amsa.

Wanda bai taɓa ganin ko ɗaya ba, ya fara da na 1951. Baƙi da fari ne, bai kai awa ɗaya da rabi ba. Ya kalle shi sau biyu: na farko don labarin, na biyu ya zuba wa Sim ido tun daga wurin burodin nan, ya lura da duk inda mutumin safiya ya leƙo. Masu sha'awar fitowa a fim da masu rubuta shi su fi kowa yin haka. Bayan shi sai na 1984, sa'an nan a tara yara a kalli na 1992 tare da su. A wajena Sim ne na ɗaya, Scott na bi masa, Caine na uku, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa.